Ba ƙanjamau ba ne, amma ciwo ya ƙi barin maigidana

Tambaya daga wata baiwar Allah a Jega, Jihar Kebbi:

"Assalamu alaikum Likita. Maigidana malamin makaranta ne, shekarunsa 34. Da munka yi aure lafiya lau yake, ko zazzaɓi bai cika yi ba. Yanzu shekara huɗu ke nan bai rufa wata uku ba ciwo. Sau uku anka kwantar da shi don ciwon huhu, hancinsa kullum toshe da majina mai kauri, kunne na ruwa, ga zawo mai tafiya ya dawo. Ya sha maganin tarin fuka na wata shida duk da ba a ga komi a kakinsa ba, tarin bai tsaya ba. An yi muna gwajin ƙanjamau sau uku, ni da shi, babu. Wani likita a Birnin Kebbi ya ce yana zaton ƙwayoyin B na jininsa ne ba su yin antibodi, ya ce mu tai Sakkwato. Danginsa sun ce sammu ne, wasu kuma na yi mani wani kallo da ban gane ba. Likita, mene ne ƙwayoyin B? Ya za a yi babban mutum da ya girma lafiya garkuwarsa ta lalace ba ƙanjamau? Ana ɗauka? Ɗiyanmu uku za su gada? Akwai magani?"

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Tambayarki biyu ce a ƙunshe wuri guda. Ta farko ta neman sani ce: mene ne wannan abu da likita ya ambata, kuma yaya yake lalacewa a jikin wanda ya haura talatin lafiya. Ta biyu ba ki fito da ita sosai ba, amma na ji ta a maganar kallon da ake yi miki. Da ita zan fara, don ki samu natsuwar karanta sauran. Ciwon da abokin aikina yake zato ba a ɗaukarsa. Ba ya bin shimfiɗar aure, ba ya bin ƙwaryar abinci ko numfashi. Ba ke kika kawo masa ba, shi ma ba zai shafa miki ba.

Sai dai ki sani ban ga maigida ba, ban sa masa abin sauraro a ƙirji ba, ban ga takardunsa ba. Hukunci na likitan da ke riƙe da shi ne. Abin da zan iya cewa shi ne, da a ɗakin duba marasa lafiya aka ba ni wannan labari, zaton da zan yi ke nan, kuma ni ma da Sakkwato zan tura ku.

Maƙerar da ke cikin jini

A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wani jinsi da muke kira limfosait, shi ma ya rabu gida biyu manya, B da T. Duka a bargon ƙashi ake haihuwarsu. Na T sukan wuce wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, taimus, su yi karatunsu a can. Na B a bargon suke ƙarasa girma, sannan su fito su zauna a saifa, da bangon hanji, da wuraren da kaluluwa ke fitowa, wato wuya da hammata da matsematsi. Harafin B ɗin ma daga kaza aka samo shi. A 1956 wani mai bincike a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, Bruce Glick, ya nuna cewa 'yan tsakin da aka cire wa wata 'yar jaka da ke kusa da dubura, mai suna bursa, suna girma ba sa iya yin antibodi. Mu ba mu da jakar, bargo ke yi mana aikinta, amma sunan ya zauna.

Sana'ar ƙwayar B ita ce ƙera antibodi. Shi antibodi furotin ne mai siffar gwafa. Bakinsa biyu ke cafke ƙwayar cuta, gindinsa kuma mariƙi ne da sauran ƙwayoyin garkuwa ke kamawa. Kowace ƙwayar B da irin bakin gwafar da ta iya, ba ya zama daidai sai a jikin cuta iri guda, kuma jiki na ɗauke da miliyoyin iri tun kafin ya haɗu da cutar.

Ki ɗauki abin kamar maƙera cike da yara masu koyo, kowane da samfuri guda da ya iya bugawa. Ranar da cuta ta shigo, yaron da samfurinsa ya dace shi ake kira. To amma ƙarfe ba ya ja sai da mai zuga, mai riƙe da zugazugin nan kuwa ƙwayar T ce. Idan ta zuga, sai ƙwayar B ta yi ta rabuwa, ɗaya ta koma dubbai. Shi ya sa in mutum ya yi tuntuɓe yatsa ya yi ruwa, kaluluwa kan fito masa a matsematsi: maƙera ce ta ɗau zafi. Daga nan ake yaye su kashi biyu. Wasu su zama ƙwayoyin filasma, ba su da aiki sai zubo antibodi, kowace ɗaya dubbai a daƙiƙa guda, wasunsu ma su koma bargo su yi shekaru suna wannan aiki. Wasu kuma su zama masu ajiyar samfuri. Karon farko jiki kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin makamin ya wadata, karo na biyu 'yan kwanaki ne, sau da yawa mutum bai ma san an shigo ba. Sirrin allurar rigakafi ke nan, ana nuna wa maƙera samfuri kafin ɓarawon ya zo.

Antibodi iri biyar ne, uku suka shafe mu. IgM shi ake fara bugawa, ƙato ne, aikin gaggawa. IgG shi ne mafi yawa, kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke jini, babban mutum kan samu giram 7 zuwa 16 a kowace lita. Rabinsa na ƙarewa cikin kamar mako uku, don haka dole a yi ta sabuntawa. Shi ne kuma ke ratsa mabiyiya ya shiga jikin ɗan tayi, ya riƙe jariri har wajen wata shida. IgA shi ke gadin wurare masu danshi: hanci, maƙogwaro, huhu, hanji. Yana da yawa a dakashi, wannan nonon farko da wasu iyayenmu ke matsewa su zubar.

Yanzu ki duba inda ciwon maigida yake zama: hanci, kunne, huhu, hanji. Akwai dalili. Bakteriyar da ta fi kawo ciwon huhu da na kunne, irin su nimokokas da himofilas, suna lulluɓe da wata riga mai santsi. Mutanen Argungu da Yawuri sun san yadda tarwaɗa take a hannu. Haka suke suɓuce wa ƙwayoyin jinin da ke haɗiye cuta, sai in antibodi ya maƙale musu ya zama ƙugiya. In babu ƙugiya, maganin asibiti zai kashe na yau, mutum ya tashi, bayan wata biyu wata ta shigo ta tarar da ƙofa a buɗe. A hanji kuma akwai wata ƙwaya da ake sha a ruwa, jiyadiya, mai sa zawo da kumburin ciki da rama. Wanda ba shi da IgA sai ya sha Flagyl ta lafa, ta sake dawowa.

Inda aikin ke tsayawa

Akwai yaran da ake haifa ba su da ƙwayoyin B kwata-kwata. Wani likitan soja a Amurka, Ogden Bruton, ya fara bayyana wannan a 1952 a jikin wani yaro ɗan shekara takwas. Irin wannan maza yake kamawa, kuma yakan fito tun ana goye, da zarar kariyar uwa ta ƙare. Na manya daban ne. Wanda muka fi sani shi ne CVID, sunan da a taƙaice ke nufin raunin garkuwa da aka fi gani kuma mai fuskoki da yawa. An fi gano shi tsakanin shekara 20 da 40, maza da mata duka. A ƙasashen Turai, inda ake ƙirga shi, ana samun mutum ɗaya cikin 25,000 zuwa 50,000.

Abin mamaki a CVID shi ne, in aka ƙirga ƙwayoyin B, yawancin masu ciwon suna da su. Maƙera cike take da yara, ba a dai yaye kowa. Ba sa zama filasma, ba sa zama masu ajiyar samfuri, ba sa iya sauyawa daga IgM zuwa IgG da IgA. A wasu laifin na yaron ne, a wasu na mai zuga ne, a wasu kuma saƙon da ke tsakaninsu ne ba ya isa. Wannan ya sa gwajin ƙidayar jini da aka saba yi kan fito lafiya lau, a ce wa mutum jininsa ba matsala, alhali abin da ya rasa ba a auna shi ba.

Me ya sa sai da ya girma? A ƙalilan daga cikinsu ana samun sauyi a ƙwayar gado, irin su TACI da NFKB1 da CTLA4, wanda mutum ya zo da shi duniya amma bai nuna ba sai daga baya. A mafi yawansu har yau ilimin likitanci bai kama dalili guda ba, ko a manyan asibitocin duniya. Abin da nake gani a aiki shi ne, in ka zauna da uwar mara lafiya ka yi mata tambaya a tsanake, sau da yawa sai ta tuna yana yaro kunnensa ya sha yin ruwa, ko kowane hunturu sai ya kwanta. Kamar gara ce a azara. Ɗaki kan rufta a damina ɗaya, amma ci ya daɗe.

Kuma maƙerar da ta rikice ba rashin ƙira kaɗai take yi ba, wani lokaci takan bugo makamin da ke saran mai gida. Kusan ɗaya cikin huɗu na masu CVID garkuwarsu kan juya ta far wa jikinsu, ta cinye jajayen ƙwayoyin jini ko ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini. Wasu saifarsu ta kumbura, wasu su yi 'yan ƙulle-ƙulle a huhu masu kama da tarin fuka a hoto. Haɗarin dajin kaluluwa da na tumbi ma ya fi na sauran mutane. Ban faɗa don in tsorata ki ba, sai don ki san dalilin da zai sa a riƙa duba shi ko yana jin garau.

Kafin a sa masa wannan suna

CVID suna ne da ake bayarwa bayan an kori sauran dalilai, a wajenmu kuwa sauran dalilan sun fi shi yawa nesa ba kusa ba.

Zan fara da wanda kika riga kika ce babu, kuma ki yi haƙuri da ni. Gwajin ƙanjamau na gaggawa da aka fi yi, na ɗigon jini a yatsa, ba ƙwayar cutar yake nema ba, antibodin da jiki ya yi mata yake nema. Mutumin da maƙerarsa ba ta aiki, irin wannan gwaji ba abin dogaro ba ne a kansa. Don haka ya kamata a yi masa, sau ɗaya, gwajin da ke neman ƙwayar da kanta, wanda ake kira PCR. Ba don ina zargi ba. Naki gwajin ya fito babu sau uku bayan shekaru kuna tare, kuma yanayin ciwonsa ma bai yi kama da ƙanjamau ba, wanda ya fi ragargaza ƙwayoyin T ya kawo farin baki da tarin fuka na gaske. Amma a rufe ƙofar da makulli, a huta da surutun dangi. Wannan ƙa'ida ta shafi duk gwajin da ke neman antibodi. Gwajin taifot na Widal, wanda ko a mai lafiya ba ni da cikakken yarda da shi, a wajen maigida ɓarnar kuɗi ne.

Na biyu, magani. Kwanaki wata yarinya ta zo mini da ƙuraje da tari da ba sa jin magani, fuskarta ta yi zagaye kamar faifai, ƙafafu kuwa sirara. Na tambaye ta abin da take sha, ta ce ba komai. Sai da yayarta ta fita sannan ta kwance bakin gyale ta fito da wasu ƙananan ƙwayoyi farare a ƙullin leda. Deksametason ne, cikin haɗin ƙibar nan da ake ce wa sha ka fashe, wata tara tana sha. Shi da firednisolon suna danne garkuwa, B da T duka, kuma ana sayar da su a kemis kamar alewa, ana cusa su a haɗin ciwon jiki da na sanyin ƙashi, har da wasu mayukan bilicin. Mai tari da toshewar hanci na shekara huɗu da wuya a ce ba a taɓa ba shi ba. Ki tattara duk abin da yake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ki kai wa likita. In ya daɗe a kan irin wannan magani kada ya yanke shi dare ɗaya, a hankali ake janye shi. Wasu magungunan farfaɗiya, kamar fenitoyin da kabamazefin, su ma suna rage antibodi, haka rituksimab da ake ba masu wasu cututtukan daji da na gaɓoɓi, wanda aikinsa ma kashe ƙwayoyin B ne.

Na uku, maƙera na aiki amma rumbu na yoyo. Ƙodar da ke zubar da furotin tana zubar da IgG tare, alamarta kumburin fuska da ƙafa da fitsari mai kumfa. Hanji ma na iya yoyon. Gwajin fitsari mai sauƙi ke nuna na ƙoda. Sai dajin jini da na bargo, musamman mayeloma, inda ƙwayar filasma guda ke haukacewa ta cika jini da antibodi iri ɗaya marar amfani ta danne sauran. Ya fi kama waɗanda suka haura hamsin, da ciwon ƙashi da ƙarancin jini, kuma ya fi yawa a baƙar fata. Shekarun maigida sun sa ban kawo shi gaba ba, amma shi ma a duba shi da gwajin jini. Ciwon suga da sikila su ma suna sa yawan kamuwa da cuta ta wata hanyar, a auna su a wuce wurin.

Akwai biyu da ba a cika gani ba. Ɗaya ƙari ne a taimus, wanda ke zuwa da ɓacewar ƙwayoyin B, yawanci bayan shekara arba'in, hoton ƙirji kan nuna shi. Ɗayan kuma a 2012 aka yi cikakken bayaninsa a manya a Tailan da Taiwan: ƙwayoyin B na aiki sarai, sai dai antibodin da suke bugawa yana tare wani saƙo na garkuwa mai suna intaferon gama, mutum ya yi ta kamuwa da cututtukan da aka saba gani a masu ƙanjamau alhali ba shi da ita. Shi ma ba a ɗauka, kuma a mutanen gabashin Asiya aka fi samunsa.

Lissafin da ke cikin ledarku

Na tabbata kuna da leda ko jaka cike da katin asibiti da sakamakon gwaji. Akwai yiwuwar rabin amsar na ciki. Ni ma da kuskure na koyi wannan. Shekarun baya wani ɗan kasuwa daga wajen Ƙauran Namoda ya yi ta zuwa wurina da tari. Kakinsa bai nuna komai ba, hoto kuma ya nuna tabo, na sa shi a maganin tarin fuka. Ya gama, ya dawo da tarinsa. Ranar da ya zo karo na ban san adadi ba, ya juye ledarsa a kan teburina don haushi, takardu har ƙasa. Ina tsince su idona ya faɗa kan wani tsohon gwajin hanta. Jimillar furotin 52, albumin 41. Na juya bayan katinsa na cire: saura 11. Wata goma sha huɗu takardar nan na hannunsa, ni da kaina na rubuta a yi gwajin, na duba lambobin hanta na ga lafiya na ajiye.

Ga ma'anar lissafin. Furotin ɗin jini kashi biyu ne, albumin da gulobulin, antibodi kuma su ne babban kason gulobulin. In aka cire albumin daga jimilla, abin da ya rage a mai lafiya yakan kai giram 20 zuwa 35 a lita. In ya gaza 18, akwai babban zaton antibodi sun yi ƙasa. Wasu ɗakunan gwaji kan rubuta 5.2 da 4.1 maimakon 52 da 41, duk ɗaya ne, sai a ninka da goma. A nan Afirka ta Yamma ma gulobulin ɗinmu ya fi na Turawa yawa, saboda zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtukan da muke fama da su tun yarinta, don haka ni ko 20 na gani a mai irin wannan labari ba na sakin jiki. Kusan kowane babban asibiti a Birnin Kebbi ko Gusau zai iya wannan gwaji, kuɗinsa kuma ba ya karya mutum.

Shi manuniya ne kawai. Tabbaci sai an auna IgG da IgA da IgM ɗaya bayan ɗaya, a maimaita lokacin da ba ya kwance. Daga nan a gwada ko maƙerar na amsa kira: a ɗebi jini, a yi masa rigakafin tetanus ko na nimokokas, bayan mako huɗu zuwa takwas a sake ɗiba a ga ko antibodi ya tashi. In da hali a ƙirga ƙwayoyin B da T, a kuma yi hoton CT na ƙirji. Irin waɗannan sai asibitin koyarwa, kamar na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Shika a Zariya, ko na Malam Aminu Kano, wasu ma sai an aika jinin wani wuri. Duk jinin da za a ɗiba a ɗibe shi kafin a fara yi masa ƙarin antibodi, domin bayan an fara, na mutanen da suka ba da jini za a riƙa gani.

Hoton CT ɗin nan ina ba shi muhimmanci. Kowane ciwon huhu na barin tabo, in ya yi yawa sai hanyoyin iska su buɗe su saki, kaki ya riƙa kwanciya a ciki kamar ruwa a kududdufi. Wannan ba ya komawa daidai. Ba na faɗa da masu maganar sammu, addu'a da magani ba su taɓa karo ba, amma wannan ne dalilin da ya sa nake roƙon kada a ɗauke shi a tafi da shi ƙauye wata shida ana ba shi jiƙe-jiƙen da ke ƙara masa zawo. Huhun da ya rage masa ake rige-rigen tsarewa.

Magani

In an tabbatar CVID ne, babu maganin da ke tayar da maƙerar. Abin da ake yi shi ne a sayo ƙirar wasu. Ana tace IgG daga ruwan jinin dubban masu ba da jini, a sa wa mutum ta jijiya kamar ƙarin ruwa duk mako uku ko huɗu, miligiram 400 zuwa 600 a kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 60 zai buƙaci giram 24 zuwa 36 ke nan kowane zuwa. Akwai kuma na ƙarƙashin fata da ake yi mako-mako. Yana rage ciwon huhu ƙwarai, masu samunsa a kan kari suna aikinsu, suna haihuwa, suna tsufa. Ba ya mayar da IgA, don haka hanci da hanji kan ci gaba da ɗan damu, ba ya kuma goge tabon da ya riga ya zauna. Har ƙarshen rayuwa ake yinsa.

Ba zan ɓoye miki ba, daga waje ake shigo da shi, kuma kuɗin wata guda ya ninka albashin malamin makaranta sau da yawa. A nan ni ma hannuna ke gajarta. Dangi kan ce to a ƙara masa jini mana, ga 'yan'uwa. Leda ɗaya ta jini ba ta wuce giram biyu zuwa uku na IgG ba, kashi ɗaya cikin goma na buƙatarsa, ga haɗarin da ke tattare da ƙarin jini, don haka ba mafita ba ce. Masu tallar maganin ƙara garkuwa a Facebook da WhatsApp kuwa, ki riƙe kuɗinki. Zogale da zuma da habbatus sauda ya ci abinsa, abinci ne mai kyau, amma ba sa yaye ƙwayar B.

Wanda bai samu ƙarin antibodi ba, ba a bar shi haka ba. Likita na iya ɗora shi a kan maganin kariya na dogon lokaci, azitromaisin sau uku a mako ko Septrin, bayan an tabbatar babu tarin fuka. In ciwo ya taso, a fara magani da wuri, a kuma tsawaita shi fiye da na sauran mutane, in da hali a kai kaki ɗakin gwaji tukuna. A koya masa fitar da kaki safe da yamma, ya kwanta ƙirji ya ɗan fi ƙugu gangarowa ki riƙa bubbuga masa baya da tafin hannu a lanƙwashe kamar ludayi. Ruwan shansa a tafasa, ko na rijiya ne ko na leda da ba a yarda da shi ba. Ya nisanci taba da hayaƙin itace, ya sa takunkumi da hunturu, har a aji in ƙurar alli ta yi yawa. Ɗan kasuwar nan da na ba ki labari da wannan muka riƙe shi, kwanciyarsa asibiti ta ragu sosai, duk da tarin bai rabu da shi ba. Zazzaɓi mai zafi da haki, ko ciwon kai da sanƙarewar wuya, ba a kwana da su a gida. Ƙwayar sanƙarau ma mai rigar santsi ce, kuma ba mu manta da annobar 2017 da ta fi tsanani a Zamfara ta taɓo har Kebbi ba.

Yara

Mafi yawan masu CVID su kaɗai ne a danginsu. A kashi 10 zuwa 20 cikin 100 akan samu wani ɗan'uwa mai irinsa ko mai ƙarancin IgA, kuma auren zumunci na ƙara yiwuwar nau'in da ke fitowa tun yarinta. Yaron da ke girma lafiya, yana wasa, nauyinsa na hawa, ba sai an yi ta huda shi ba. Wanda kunnensa ke yawan ruwa, ko ya yi ciwon huhu sau biyu a shekara, ko zawo ya hana shi girma, a gaya wa likitan yara labarin babansu a auna shi.

Rigakafinsu kuwa a cika shi, domin duk cutar da ba ta shigo gidan ba maigida ya tsira daga gare ta. Ƙyanda musamman: binciken da aka wallafa a 2019 a kan yaran da ba a yi wa rigakafi ba a Holan ya nuna tana goge kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na ire-iren antibodin da yaro ya tara. Shi maigida da kansa kada a yi masa rigakafin da ke ɗauke da ƙwaya mai rai, wato ɗigon shan inna, da allurar shawara, da ta ƙyanda, sai da izinin likitansa. In tafiya ta kama shi aka nemi katin shawara, likita ne zai rubuta masa takardar uzuri.

Ɗigon shan inna da ake bi gida-gida ana ɗiga wa yara yana buƙatar magana ta musamman, kada a juya mini ita. Ban ce ki hana yaranki rigakafin shan inna ba. Ƙwayar da ke cikin ɗigon mai rai ce da aka raunana, takan fita a kashin yaro na 'yan makonni, mai lafiya ba ta yi masa komai, amma wanda ba shi da antibodi tana iya zama a hanjinsa ta daɗe. Ki gaya wa likitansa da ma'aikatan rigakafi halin da ake ciki. Akwai na allura, wanda ba shi da ƙwaya mai rai, yana cikin jadawalin rigakafin yara a Najeriya tun 2015, shi ya fi dacewa da gidanku. In kuma an riga an ɗiga musu, ke ki ɗauki wankin kashi da tsarkin ƙaramin har mako shida, fo ɗinsu daban, a riƙa wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abincin babansu.